Kududdufi Ba Zaman Banza Yake Ba

Babu wanda ya taɓa yi wa kududdufi kirari. A birnin Kano, da an ambace shi sai a tuna da koren ruwa mai wari, kainuwa ta rufe rabinsa, ledoji sun taru a baki, sauro na tasowa da magariba. Uwa takan ja wa ɗanta kunne kada ya kuskura ya je wanka can. Shi ya sa ranar da tifofi suka fara juye ƙasa da shara a ciki, maƙwabta kan ce an rabu da ƙaya. Sai an yi damina biyu ko uku, ruwa ya faɗo tsakar gida har gwiwa, ana ɗora katifu a kan katanga, sannan wani dattijo zai ce, "To, ai da can yake tafiya."

Kududdufi dai hannun mutum ne ya haƙa shi. Tsohon birni da ƙasa aka gina shi: da ita aka yi tubali, aka ɗaga katanga, aka rufa soro a kan azara, aka kewaye gari da ganuwa. Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwar, Sarki Muhammadu Rumfa, mai mulki daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta. Duk inda aka ɗebi ƙasar gini rami ya rage, shi ya sa kududdufai suka bi gindin ganuwa, suka kuma ratsa tsakanin unguwanni. Ginin ƙasa kuwa yana son yaɓe bayan damina, don haka magina ba su rabu da ramin ba: nan ƙasa take, nan ruwan kwaɓi yake. Baturen nan Hugh Clapperton, da ya shigo Kano a 1824, ya rubuta cewa gidaje ba su ci fiye da rubu'in filin da ke cikin ganuwa ba. Saura gonaki ne da lambuna, ga fadamar Jakara ta ratsa gari.

Babban aikin ramin sai da damina ake ganinsa. Ruwan Kano ba ya sauka a hankali cikin shekara. Mafi yawansa tsakanin Yuni da Satumba yake zuba, Agusta kuma ya fi kowane wata. A da, ruwa kan sauko daga soro ta indararo, ya bi lungu, ya faɗa kwata, kwata ta kai shi kududdufi. In wannan ya cika ya tumbatsa zuwa na gaba, har a ƙarshe a miƙa wa Jakara abin da za ta iya ɗauka, ba a lokaci guda ba. Wanda ya kwanta kuma yana tsatsafawa ƙarƙashin ƙasa sannu a hankali, rijiyoyin gidajen da ke kewaye su samu. Randar unguwa ke nan: ana cika ta da damina, ana sha daga gindinta da rani. Ban da haka, a nan masu wanki suke wanki, masu kiwo su shayar da dabbobi, masunta su kama tarwaɗa da karfasa, mai lambu ya ja ruwa ya ba alayyafo.

A yi ɗan lissafi. Ruwan sama na milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita guda ce. Gida mai rufin kwano na murabba'in mita 100, in aka kwana ana ruwan milimita 50, zai zubo da lita 5,000, wato jarka 200 irin ta 'yan garuwa mai cin lita 25. Unguwa mai gida 1,000 ta tara jarka 200,000 a dare ɗaya, ba a ma lissafa na titi ba. Da tsakar gida ƙasa ce, lungu ƙasa ne, suna shanye wani kaso. Yau an malale tsakar gida da siminti, an shimfiɗa wa lungu intalok, titi ya sha kwalta, kwata ta toshe da ledar fiya wata. Ruwan da ke gudu a doron ƙasa ya ƙaru, wurin da yake kwanciya kuma an cike shi an ɗora shaguna. Ruwa ba ya karanta takardar mallakar fili. Inda ya fi gangare zai bi, ko ɗakin wa ya tarar. 'Yan kasuwar Kantin Kwari sun gani a watan Agustan 2022, da ambaliya ta shiga rumfuna ta jiƙa dilolin atamfa da shadda, jama'a suka yi ta nuna yatsa ga gine-ginen da aka ɗora a kan hanyoyin ruwa.

Abin mamaki, unguwar da ta yi kukan ambaliya a Agusta ita ce ke kukan ƙafewar rijiya a Afrilu. Ciwo ɗaya ne. Ruwan da aka hana shi zama ya yi ɓarna ya wuce, bai bar komai a ƙasa ba, sai kowa ya kira masu haƙar burtsatse, ana ta ƙara zurfi. Birnin Chennai na ƙasar Indiya ya bi wannan hanya har ƙarshenta. Yana da tafkuna masu yawa tun na kakanni, aka yi ta cike su ana gini. A ƙarshen 2015 ambaliya ta shanye birnin, har filin jirgin sama aka rufe. A tsakiyar 2019 manyan madatsun da ke ba shi ruwan sha suka kusa ƙafewa ƙaf, sai da jirgin ƙasa aka riƙa kawo ruwa.

Abin lura a nan ya wuce kududdufi. Kowane gari, babba ko ƙarami, yana da wuraren da ido ke gani kamar ba su da mai su, alhali aikin kowa suke yi. A karkara akwai burtali. Manomi ya dubi wannan faffaɗar hanya, ciyawa kawai a kanta, ya ce bari ya ƙara kunya biyu. Na ɗaya gefen ma ya ƙara biyu. Bayan shekaru burtali ya koma 'yar siririyar hanya, garke ya taho bai sami wurin wucewa ba, ya faɗa gero, a wayi gari ana gaban dagaci, wani lokaci ma sai an zubar da jini. Haka makiyaya, haka mashaya, haka kurmin da ke tare iska. Hatta juji yana da aikinsa a da. Manoman kewayen Kano da jakuna suke shigowa da itace da amfanin gona, su koma da mangala cike da toka da kashin awaki da sharar birni, su zuba a gona. Da wannan taki ƙasar ta jure noma shekara da shekaru ba hutu. Birni yana ciyar da gona, gona tana ciyar da birni. Yau manomi sai ya tsince leda da fasassun kwalabe kafin ya sami abin zubawa.

Inda birni da ƙauye suka haɗu kuwa, can ake shuka matsalar gobe. A gefen Kano, ta wajen Ungogo da Kumbotso, gonaki suna komawa fulotai ta hanyar awon igiya. Mai gona yana son kuɗi, dillali yana son la'ada, kowane taku na ƙasa kuɗi ne. Sai a yanka fili tsaf, a bar layin da mota biyu ba za su gifta juna ba, babu wurin kwata, babu filin makaranta, babu maƙabarta, kwarin da ruwan gonaki goma ke taruwa ma a saka masa lamba. Da rani ake awo, da rani ake ciniki. Shi ya sa masu wayo kan ce in za ka sayi fili, je ka gan shi a watan Agusta.

Ba ana cewa a bar kududdufi yadda yake ba. Sauro gaskiya ne, tsargiya gaskiya ce, yara sun nutse, mutane kuma suna ƙaruwa, dole su sami wurin kwana. Amma yawancin ƙazantar kududdufi mu muka kai masa: bututun masai da aka juya ciki, da sharar da ake kifewa da dare. Gyaransa sananne ne. A hana zuba najasa da shara, a yashe shi, a kewaye shi saboda yara, a dasa itatuwa a baki, a zuba kifin da ke cin tsutsar sauro, a buɗe masa mafita in ya cika. Inda kuma ya zama dole a cike, a fara gina magudanar da za ta ɗauki ruwan da yake ɗauka, a kuma san inda za ta kai shi, don kada a kwashe wahalar wata unguwa a juye wa ta ƙasa da ita.

Takarda ba ita muka rasa ba. Kano ta sami tsarin raya birni na shekara 20, daga 1963 zuwa 1983, wanda wani masanin tsara birane mai suna Trevallion ya jagoranci rubutawa. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye amana a hannun gwamna, akwai dokar tsara birane da yankuna ta 1992, ga kuma hukumar tsara birane ta jihar Kano, KNUPDA. Abin da ya yi ƙaranci shi ne a tsaya a kan fili kafin a kafa turaku, a tambayi mai unguwa da dagaci da tsofaffin manoma: ina ruwa yake bi, ina yake kwana, ina shanu suke wucewa? A zana amsar a taswira, a kafa alama, a hana kowa taɓawa, talaka ne ko mai hannu da shuni. Ranar awo, barin fuloti biyar domin ruwa asarar fuloti biyar ce kawai. Bayan an gina, sai an rushe gidaje, an biya diyya, an haƙa ramin da kuɗin jama'a, ramin da a baya kyauta aka same shi.