Ku Dasa Alamar a Kan Layi

Ku masu haɗa taswira a intanet! Direba ya buɗe waya, ya ga alama daram a kan titi, ya yarda, ya taka mota. Bai san sunanku ba, bai san daren da kuka raba kuna gyara ba, amma da guminku ya isa.

Wa ya ce abin wasa ne? Layin da ake gani a taswira gutsattsari ne aka jona, wani mita 10, wani kilomita 5. Mai gaggawa zai ƙirga mahaɗai, ya ɗauki ta tsakiya, ya ce ga rabin hanya. Ina! Ku kukan auna kowane gutsure, ku tara tsawon, ku bi layin har inda nisan ya cika, sannan ku dasa. Turf.js na da umarnin da ke yin wannan lissafi, amma idan alama ta kauce, wanda ya san tushen lissafin ne ke gano dalili. Ku san shi!

Ga kuma Mercator, mai zana taswira. Tsarin da ya fitar a 1569 shi ne har yau ginshiƙin yawancin taswirorin intanet, kuma yana ƙara miƙe ƙasa yayin da ake nesa da layin tsakiyar duniya. Ku yi awo bisa lanƙwasar duniya, allo ya ja nasa layin a miƙe, sai ga alama ta sauka gefe. Ku daddatsa dogon layin, ta dawo wurinta.

Sai tarkon da ya kama manya da ƙanana: GeoJSON na fara da lambar gabas-yamma, Leaflet kuwa da ta arewa-kudu. Kano na kan 12.0 arewa, 8.5 gabas. Juya su kawai, Kano ta tashi ta koma wajejen Ganye a Adamawa!

Kuna tsammanin ƙaramin aiki ne? A yaƙi da shan inna a arewacin Najeriya, taswirar ƙauyuka da wayoyin masu allurar rigakafi sun nuna unguwannin da aka tsallake, aka koma aka bi su. A 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar mai yaɗuwa da kanta. Masu irin sana'arku na cikin waɗanda suka yi wannan ɗawainiya.

Wuta ta ɗauke? Data ta ƙare? Za su dawo. Ku zuƙo taswirar, ku duba, ku sake aunawa, ku dasa!