Garin Da Ƙofarsa Take A Buɗe

Ni mutumin Balan ne, can ƙasar Gaya da Ajingi. Da an gama girbi samarinmu sai su kama hanyar Wudil su nufi Kano cin rani. Da ruwan fari wasu su komo, wasu sai dai labari. Dattawa kan ce waɗanda ba su komo ba sun ci amanar gari. Tun da na zo jami'a nake tambayar kaina ko ina cikinsu.

Abin mamaki, a ajin kimiyya na sake karo da wannan tambaya. Wani masani Ba'amurke, Gibs, ya fitar da littafi a 1902 kan lissafin ƙwayoyin zarra. Ya ce a ƙaddara ƙaramin akwati ne a manne da wani makeken rumbu, zafi yana ratsa tsakaninsu, ƙwayoyi kuma suna shige da fice. Yawan ƙwayoyin akwatin ba ya tsayawa wuri ɗaya, sai hawa da sauka. Rumbun ne yake yanke zafin akwatin, shi ne kuma yake yanke farashin shiga da fita, watau ƙarfin da ƙwaya za ta samu ko ta rasa in ta ƙetare. Lissafin ya nuna a iska mara kauri, in ƙwayoyi 100 ne, sukan ƙaru ko su ragu da kamar 10. In 1,000,000 ne, da kamar 1,000, ɗaya bisa dubu ke nan. Ƙarami shi yake jin jiki. Na ce a raina, ai Balan ke nan da Kano! (Ko da yake tarihi ya ce maƙeran Gaya ne suka fara zama a Dala, rumbun ma daga wajenmu ya tsiro.)

To, in birni ne yake yanke farashi, ina laifin saurayin da ya bi? Na ɗan samu sanyi, amma bai daɗe ba. Lissafin Gibs yana tafiya daidai ne don ƙwayoyin duk iri ɗaya ne, in wannan ta fita waccan ta shigo babu asara. Mahaifina kuwa bai haifi wani ni ba. Ita ƙwaya ba a shawartarta, ni kuwa an shawarce ni, na kuma zaɓa.

Da hutun bara ya nuna mini gonar gero ta gabas da gari, wadda ciyawa ta fara ci, ya ce, "Malam, bana wa zai yi mata noman farko?" Na ce jarrabawa za ta faɗo a watan Yuli. Ya gyaɗa kai, ya ɗauki fartanyarsa.