Ku Karanta Zoben, Masu Gyara na Gema

Da ku nake, masu gyaran rediyo da talabijin da caja na Gema da Zangon Faraku, har zuwa Jugu. Kuna zaune cikin hayaƙin dalma tun safe, mai wucewa na ganin kamar tsinci-tsinci kuke yi cikin tarkace. Bai san karatu kuke yi ba.

Ɗauki rezistans ɗin nan, wanda bai fi ƙwayar shinkafa ba. Zobensa rawaya, shunayya, ja. Rawaya 4 ce, shunayya 7, ja kuma ya ce a ƙara sifiri biyu: om 4,700 ke nan. Zoben zinariya na ƙarshe yana gaya maka zai iya ƙaruwa ko raguwa da kashi 5 cikin ɗari, na azurfa kashi 10. Masu ƙera rediyo a Amurka ne suka tsara wannan rubutun launi tun shekarun 1920, kuma da shi injiniyan Japan ke aiki yau. Kai da shi allonku ɗaya.

Yaran shago, da ku nake musamman. Kada ku tsaya ga "cire wannan, sa mai kama da shi". Kama da wane ba ta wane: ruwan ƙasa, baƙi, ja 1,000 ne, ja na ƙarshe ya koma ruwan lemo, ya zama 10,000. Zobe ɗaya ya ninka shi sau goma, rediyon mai shayi ya koma gida bebe. In zafi ya ƙona launin, ɗauko mita ka auna, ba kunya ba ce. Ku tambayi maigida har ya gaji da ku.

Kondansata kuwa da lamba take magana. Ƙaramar nan mai 104, ai 10 ce da sifiri huɗu, fikofarad 100,000. Mai siffar gwangwani ta rubuta ƙarfinta a jiki. In ta ce bolt 25, kada ka sa mai 16 don araha, za ta kumbura ta fashe. Duba layin gefenta, ƙafar nagatif yake nunawa. Babbar ta gefen wuta, mai 400, tana riƙe caji ko an zare waya. Sauke shi kafin yatsa ya kai.

Gobe in matacciyar talabijin ta zo, kafin ka kunna ƙarfen dalma, zaunar da ƙaramin yaron shagon, ka miƙa masa rezistans goma ya karanto maka su da baki.