Ina Ruwa Ke Shiga?

Ya kai mai karatu, ga wata tambaya mu yi tunani a kanta tare. In abu ya lalace, wa za a kama da laifi? Wanda aka gani da ɓarna, ko abin da ya kawo ɓarnar?

Dubi masunta na tafkin Gidimuni, gabas da Zinder, kan hanyar Gure. In kwalekwale yana yoyo, ruwa yakan gangara ya taru inda ya fi zurfi. Marar sani sai ya liƙe nan wurin. Gobe ruwa ya dawo. Masunci na ƙwarai ba ya yin haka. Yakan jawo jirgin kan tudu, ya bari ya bushe sarai. Sa'an nan ya zuba ruwa a ciki, ya tsuguna yana duban bayan katako. Inda ɗigo ya fara fitowa, nan ne kafar take. Wani lokaci gindin ƙusa ne, wani lokaci mahaɗin katako biyu. Sai ya cusa tsumma, ya shafe da kwalta. Inda ruwa ya kwanta daban, inda ya shigo daban.

To, haka zaman mutane yake. Kowa a Damagaram ya san unguwar Kara-Kara. In an yi faɗa ko sata, nan da nan sai a ce ƴan Kara-Kara ne. Amma ruwa ba ya tsami banza. A nan ne aka ware kutare da, nesa da sauran jama'a. Mutane suna gudunsu, suna cewa cutar gado ce ko la'ana. Ba haka ba ne. Tun 1873 wani likita a ƙasar Norwe, mai suna Hansen, ya gano ƙwayar da ke kawo kuturta. Yau akwai maganinta, kuma tun 1995 kyauta ake ba da shi a duniya. Ana warkewa, amma ƙyama ba ta tafi ba. Ta bi ƴaƴa, ta bi jikoki. Yaron da aka ƙi zama da shi a lakwal, aka hana shi aiki, aka hana shi aure, ina zai nufa? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Watakila ka ce: "Malam, wato mai laifi ba shi da laifi ke nan?" A'a. Wanda ya sari mutum da adda, shari'a ta hau kansa, domin yana da hankali, kuma maƙwabtansa da yawa sun sha wuya irin tasa ba su cuci kowa ba. Masunci ma a tsakiyar tafki dole ya kwalfe ruwa da ƙoƙo, in ba haka ba ya nutse. Amma wanda kullum sai kwalfewa, bai taɓa neman kafa ba, hannunsa zai gaji, jirgin kuwa yana ta ruɓewa.

Neman kafa yana da nauyi, gama wani lokaci a gefen da kake zaune take. Kai da ka hana ɗanka wasa da ɗan kuturu, ka tabbata ba ƙusarka ce ta yi tsatsa ba?

Saboda haka, ɗan'uwa, in rigima ta tashi a gidanka ko a garinku, kada ka yi saurin nuna yatsa. Ka bari zuciya ta huce, ka tambaya, ka saurara, ka bi sawun ruwan har mafarinsa. Jirgi ɗaya muke ciki. Allah ya sa mu gane, amin.