An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Tambayar da nake so mu tattauna, 'yan'uwa ɗalibai da malamanmu, tsohuwa ce: idan abu ya ɓaci, wa za a kama? Wanda aka tarar a ƙasa, ko wanda ya ka da shi? Masana sun daɗe suna ja-in-ja a kanta, amma a nawa ɗan tunani, masu gyaran rediyo da talabijin na Sabon Garin Gusau suna da amsar da ta cancanci a saurara.

Bari in fara da na'urar kanta. Wani Bajamushe, Karl Ferdinand Braun, shi ya ƙirƙiro kwalbar nan mai nuna hoto a 1897, wadda daga baya ta zama fuskar talabijin mai ƙeya. Ita ce kuma fuskar akwatunan wasa da ake jefa wa kwabo a ƙasashen waje, irin su Pong na 1972 a Amurka, da Space Invaders na 1978 da Pac-Man na 1980 a Japan. A wurinmu gidan gem ne ya tsaya a matsayinsu, inda ake jona Sega ko PlayStation da tsohuwar talabijin, yara su biya su buga. Ko da yake filasma ta kore ta daga kantuna, har yanzu akan ɗauko irinta a bayan babur daga Tsafe ko Bungudu a kawo gyara.

A cikinta akwai wata taransifoma da masu gyara ke kira filaibak, wadda ke ɗaga wuta zuwa bolt 20,000 ko fiye. Akwai kuma wata taransista da ke kunna mata wuta tana kashewa sama da sau 15,000 a daƙiƙa ɗaya. Sau da yawa idan talabijin ta mutu ɗif, mai gyara ya ɗora mita, wannan taransista zai tarar ta ƙone. To, amma ruwa ba ya tsami banza. Wani lokaci wayoyin cikin filaibak ne suka haɗe, wani lokaci kafasita ce ta bushe saboda tsufa da zafi har wuta ta wuce ƙa'ida, wani lokaci kuma liƙin dalma ne ya tsage. Ita taransista ta ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinta ne kawai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A nan masu gyara suka kasu biyu. Na farko ya cire ƙonanniya, ya sa sabuwa, hoto ya fito, ya karɓi kuɗinsa. Bai yi ƙarya ba, don kuwa abin da ya cire lalatacce ne. Amma bayan kwana kaɗan sabuwar ma za ta ƙone. Na biyu yakan tsaya ya tambayi kansa: me ya kashe ta? Sai ya bi fanel da mita, ƙafa bayan ƙafa, har ya kai ga tushe. Aikinsa ya fi jinkiri, ya fi tsada, mai kaya kuwa ba ya ganin bambancin a ranar. Abin da ke raba su amana ce, wato abin da mutum ke yi a wurin da ba mai iya duba shi.

Mu dubi kanmu. Idan aka kama ɗalibi da satar jarrabawa akan kore shi, a manna sunansa a allo, kowa ya ce an yi gyara. Wanda ya fitar da takardar ya sayar fa? Idan yana nan zaune daram, baɗi wani yaron zai faɗa ramin. An canza taransista, an bar filaibak.

Wani zai ce, idan muka kama bin dalili ba za mu tsaya ba. Kafasita ta ce zafi ne, zafi ya ce rana ce, ɗalibi ya ce talauci ne, daga ƙarshe a rasa mai laifi. Wannan magana tana da nauyi. Mutum ba taransista ba ne. Allah Ya ba shi hankali da zaɓi, saboda haka ɗalibin nan yana da rabonsa na laifi. Shi ma mai gyara na kirki ba ya barin ƙonanniya a ciki don tausayi. Yana cire ta. Sai dai ba ya tsayawa nan, ba ya kuma tafiya neman rigima da rana. Yana bin dalili ne zuwa iyakar inda hannunsa zai iya gyarawa.

Dalmar nan da yake liƙi da ita ta koya wa jiharmu wannan darasi da tsada. A 2010 gubar dalma ta hallaka yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Likitocin ƙungiyar MSF sun nace cewa sai an kankare gurɓatacciyar ƙasar gidajen sannan magani zai yi amfani, domin yaron da aka yi wa magani aka mayar da shi cikin ƙurar nan zai sake kamuwa. Ba su da iko a kan talauci ko farashin zinariya a duniya, amma ƙasar tsakar gida tana kankaruwa. Ƙauyen Bagega sai a 2013 aka yi masa wannan aiki, yaransa suna jira.

Saboda haka, ni a ganina, adalci yana da sharaɗi biyu: kada a wanke wanda ya faɗi idan da hannunsa, kada kuma a rufe bincike a kansa don shi ne mai sauƙin kamawa. Yawancinmu gobe za mu zama malamai, wasu alƙalai, wasu masu mulki. Ranar da aka kawo mana wanda ya ƙone, mu tambayi abin da ya ƙona shi kafin mu ɗaura murfi. Allah Ya sa mu dace.