Makokin Shugabanni A Ma'aunin Shari'a

 

Ya 'yan'uwa masu karatu, abin da ya jawo maganarmu ta wannan mako wata tambaya ce da wani ɗalibina ya yi mini a aji, a watan Yuli na shekarar 2025, kwanaki kaɗan bayan rasuwar tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari. Allah ya yi masa rasuwa a Landan ran Lahadi 13 ga watan, yana da shekara 82, aka kawo gawarsa filin jirgin saman Katsina lulluɓe da tutar ƙasa, aka yi masa salla aka binne shi a gidansa da ke Daura ran Talata 15 ga wata. Gwamnatin Tarayya ta ba da hutu a ranar, ta kuma sa a yi makokin kwana bakwai tare da sassauta tuta.

Muna cikin darasin nahawu sai yaron nan ya ɗaga hannu ya ce, "Allah ya gafarta Malam, an karantar da mu cewa makoki kwana uku ne, ga shi kuwa gwamnati ta ce bakwai. Sa'an nan a ƙauyenmu ɓarayin daji sun kashe mutane, har da ƙanen mahaifina, ban ji an sassauta tuta ko ta wuni ɗaya ba. Shin ran shugaba ya fi nasu ne a wurin Allah?" Na ba shi amsa gajeriya don kada lokacin darasi ya ƙure, amma tun daga ranar tambayar ba ta bar zuciyata ba, don kuwa tambayoyi biyu ne ya haɗa, ɗaya ta fiƙihu, ɗaya ta adalci, ta biyun kuwa ta fi nauyi.

Bari mu fara da ta fiƙihun. Hadisin da ya iyakance makoki ga kwana uku ya inganta, Buhari da Muslim duk sun ruwaito shi. Asalinsa kuwa a kan mata yake, watau bai halatta mace ta bar ado da turare saboda mutuwar wani fiye da kwana uku ba, sai fa in mijinta ne, shi kam za ta yi masa takaba wata huɗu da kwana goma, kamar yadda aya ta 234 ta Suratul Baƙara ta hukunta. Daga nan ne malamai da yawa suka so a taƙaita ta'aziyya ga kwana uku, don kada a riƙa tayar wa masu rashi da miki bayan ya soma warkewa. To, kwana bakwai na gwamnati fa? Iyakar fahimtata, gwamnati ba ta ɗora wa kowa wata ibada ba, ba ta hana kowa ado ko kasuwa ba. Tsari ne irin na mulki wanda muka gada daga Turawa, kamar faretin soja da harba bindigogin ban girma. Akwai malaman da suka ƙi shi, suna ganin kwaikwayo ne da ba shi da tushe a sunna, akwai kuma waɗanda suka bar shi a babin al'ada muddin bai ci karo da nassi ba. Ni dai na fi natsuwa da a tsaya a kan ukun, kamar yadda Jamhuriyar Nijar ta yi sa'ad da tsohon Shugaba Tanja Mamadu ya rasu a watan Nuwamba na 2020, domin abin da ya dace da adadin da shari'a ta ambata ya fi nisa daga shubuha. Amma ba zan ce wanda ya sassauta tuta kwana bakwai ya fita daga addini ba.

Tilas ne kuma mu faɗi alheri inda ya samu. A ƙasar nan, duk girman shugaba Musulmi, ba a ajiye gawarsa makonni ana jiran baƙi. Janar Sani Abacha ya rasu ran 8 ga Yuni 1998, a ranar aka binne shi a Kano. Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa ya rasu yana kan mulki ran 5 ga Mayu 2010, kashegari aka kai shi makwancinsa a Katsina. Alhaji Shehu Shagari ya rasu a Abuja ran 28 ga Disamba 2018, kashegari aka binne shi a garinsu Shagari. Kwana biyun da aka yi kafin a binne Buhari kuwa larurar ɗauko gawa ce daga wata ƙasa. Wannan bin umarnin Annabi ne, sallallahu alaihi wa sallama, da ya ce a gaggauta jana'iza. Kowannensu wankan da ake yi wa talaka aka yi masa, farin likkafani aka sa masa, kabbara huɗu aka yi masa ba ruku'u ba sujada, aka kwantar da shi a gefensa na dama yana fuskantar alƙibla. Tuta da kakaki duk a bakin kabari suka tsaya. A ƙasar Sa'udiyya ma abin ya fi haka sauƙi, don lokacin da Sarki Fahad ya rasu a 2005, da Sarki Abdullahi a 2015, a maƙabartar Al'ud ta Riyad aka binne su cikin kaburburan da ba su ɗauke da suna, tutarsu kuwa ba a sassauta ta ko kaɗan saboda kalmar shahada da ke jikinta.

Wani zai ce, in haka ne a bar taron gaba ɗaya mana, iyalinsa su binne shi kamar kowa. Ban yarda da wannan ba. Mutumin da ya riƙe al'amarin miliyoyin jama'a, mutuwarsa ta shafi jama'a, ko sun so shi ko sun ƙi shi. Sa'ad da Najjashi Sarkin Habasha ya rasu a shekara ta 9 bayan hijira, Manzon Allah da kansa ya sanar da sahabbai a Madina, ya fita da su filin salla ya jera su sahu ya yi masa salla. Ko da yake malamanmu na Malikiyya suna ganin wannan salla ta ga'ibi ta keɓanta da Annabi, ba wanda ya musa cewa an sanar, an taru, an nuna girmamawa. Yawan masu salla kuwa riba ce ga mamaci, domin ya zo a cikin Sahihu Muslim cewa idan mutum arba'in waɗanda ba sa yin shirka suka tsaya a kan gawa, Allah yana karɓar cetonsu gare ta. Saboda haka taron kansa ba laifi ba ne. Abin tsoro shi ne abin da ake faɗa a wurin taron, da abin da ake mantawa.

A ranar da shugaba ya mutu, harsuna suna rabuwa gida biyu. Ga masu yabo, waɗanda jiya suke zaginsa a dandalin siyasa, yau sun mai da shi waliyyi wanda bai taɓa kuskure ba. Ga kuma masu zagi, musamman samari a Facebook da makamantansa, waɗanda ba sa jira ko ƙasa ta bushe a kan kabari. Duka biyun shari'a ta yi musu linzami. Wata rana an wuce da gawa a gaban Manzon Allah, sahabbai suka yabe ta, ya ce ta tabbata, aka wuce da wata suka ambace ta da sharri, ya ce ta tabbata, sa'an nan ya bayyana musu cewa su ne shaidun Allah a bayan ƙasa. Daga nan Bahaushe ya samo maganarsa cewa shaidar duniya ita ce ta lahira. To, jama'a, idan yabon mamaci shaida ce, mene ne sunan yabon da mai yinsa ya san ƙarya ne? Shaidar zur ke nan, tana kuwa cikin manyan zunubai, ko an yi ta a kotu ko an yi ta a rumfar ta'aziyya a gaban 'yan jarida. Ba ta ƙara wa mamaci komai, don wanda ake kai wa shaidar ya riga ya san gaskiya.

Masu zagi su ma an hana su. Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, ta ruwaito hanin zagin matattu, da dalilin cewa sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. Zagi yana ƙona zuciyar matarsa da 'ya'yansa, alhali kuwa ba su ne suka yi mulkin ba. Amma kada a ɗauki wannan hani a rufe bakin tarihi da shi. Malaman tarihin Musulunci irin su Ɗabari da Ibnu Kasir sun rubuta ayyukan halifofi da sarakuna, kyakkyawa da mummuna, ba su ɓoye zaluncin Hajjaju ɗan Yusufu ba, ba wanda kuma ya ce sun zagi matattu. A ce wane ya yi doka kaza ta jawo wa talakawa wahala kaza, don na baya ya kiyaye, wannan nasiha ce. A ce wane ɗan wuta ne, wannan shiga hurumin Allah ne. Kowace magana kuma da lokacinta, ranar jana'iza ta addu'a ce, auna mulki yana da sauran kwanaki.

Akwai kuma wata al'ada da ta yaɗu, watau a tashi a wurin jana'iza a ce jama'a su yafe wa mamaci. Neman yafiya abu ne mai kyau, wanda ya yafe kuwa ladansa yana wurin Allah. Sai dai yafiya haƙƙin wanda aka zalunta ce shi kaɗai. Gwamna ba ya yafewa a madadin marayan da aka kashe ubansa, liman ba ya yafewa a madadin tsohon ma'aikacin da ya mutu yana bin kuɗin fansho. Mu tuna an taɓa kawo gawa gaban Annabi, da ya ji ana bin mamacin bashi sai ya ƙi yi masa salla da kansa, har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. In bashin dinare kaɗan ya kai haka, ina ga haƙƙin al'umma?

Wanda ya fi kowa gane wannan shi ne Sayyadina Umaru ɗan Haɗɗabi. Da aka soke shi a shekara ta 23 bayan hijira, ya tabbata ajali ya zo, sai ya sa ɗansa Abdullahi ya lissafa bashin da ke kansa, aka samu wajen dubu 86, ya yi wasiyya a biya daga dukiyar iyalinsa, in ba ta isa ba a nemi danginsa. Sa'an nan ya aike shi wurin Nana A'isha neman izinin a binne shi kusa da abokansa biyu, ya gargaɗe shi kada ya ambace shi da Amirul Muminina, ya ce Umaru kawai, domin a ranar shi ba shugaban kowa ba ne. Bai tsaya nan ba, ya ce idan an ɗauko gawarsa a sake neman izini, in ta ƙi a mai da shi maƙabartar Musulmi, don yana tsoron kada ta amince saboda kunyar mulkinsa. Wannan fa shi ne mutumin da daular Farisa ta faɗi a zamaninsa. Da shugabanninmu masu rai za su riƙa karanta wannan labari kafin su tafi ta'aziyyar junansu, da makokin ya yi amfani.

Yanzu sai tambayar ɗalibina ta biyu. Amsarta a fili take, ran shugaba bai fi ran ƙanen mahaifinsa ba, fifiko a wurin Allah da taƙawa yake, kamar yadda aya ta 13 ta Suratul Hujurati ta tabbatar. An wuce da gawar Bayahude Annabi ya miƙe tsaye, da aka faɗa masa ko wane ne sai ya nuna cewa ai shi ma rai ne. Ranar da ɗansa Ibrahimu ya rasu rana ta yi husufi, mutane suka ce saboda mutuwarsa ne, nan take ya gyara musu cewa rana da wata ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Tutar da aka sassauta wa shugaba, ofishin da ya riƙe aka girmama, ban ga aibi a nan ba. Aibin yana inda hukuma za ta tashi jirage ta rufe ofisoshi don mutum ɗaya, sa'an nan a kashe talakawa gommai a ƙauye a binne su a rami ɗaya, ba wakili, ba ta'aziyya, ba ko buhun hatsi ga zawarawa. Sunnar da Annabi ya kafa ranar da labarin shahadar Ja'afaru ya iso ita ce a dafa abinci a kai wa iyalan mamaci, don abin da ya same su ya shagaltar da su. Kuɗin baitulmali da ake kashewa wurin saukar manyan baƙi, waɗannan gidaje suna da rabo a cikinsa. Yaron da ya ga an yi wa babba makokin mako guda, nasa kuwa ko ambato bai samu ba, zai tashi yana ganin ƙasar ba tasa ba ce, wannan kuwa hatsari ne ga kowa.

Shawarata ga hukuma ita ce a taƙaita makoki ga kwana uku, a rage kashe kuɗi, a kuma kafa al'adar zuwa ta'aziyyar talakawan da aka kashe kamar yadda ake zuwa ta manya. Ga iyalan shugabanni, su buɗe ƙofa ga duk mai bin haƙƙi, su biya kafin a raba gado, wannan ya fi wa mamaci amfani a kan sa sunansa a filin jirgi ko jami'a. Ga malamai 'yan'uwana, idan aka miƙa mana lasifika a irin wannan taro, ga shugabanni nan zaune sahu sahu, mu yi wa mamaci addu'a, mu yi wa rayayyu wa'azi, don ba kullum ake samun su wuri ɗaya zukatansu sun yi laushi ba. Ga sauran jama'a kuwa, wanda ya san alheri ya faɗa, wanda aka zalunta yana da zaɓi, ko ya yafe ko ya bar wa Allah, amma ya kame bakinsa daga zagi. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Allah ya jiƙan shugabanninmu da suka riga mu, ya jiƙan talakawan da suka kwanta ba wanda ya san sunansu, ya shiryi masu riƙe da mu a yau, ya sa mu cika da imani.