Abokin Ɓarawo, Ɓarawo Ne?

Bayan damina ta ɗauke, kafin hazo ya rufe sama, wanda ya fita bayan gari da madubin hangen nesa na hannu zai iya lalubo tauraron da ake kira Albireo, a rukunin taurarin Cygnus. Da ido kawai ɗigo ɗaya ne. Idan madubin mai ƙarfi ne, aka jingina shi a kan katanga don hannu ya daina rawa, sai ɗigon ya rabu biyu: ɗaya ruwan zinariya, ɗaya shuɗi. Shuɗin ya ninka na zinariyar zafi kusan sau uku.

Duk wanda ya gan su zai rantse 'yan gida ɗaya ne. Amma taurari masu zuwa bibbiyu iri biyu ne. Akwai waɗanda ƙarfin jan juna ya ɗaure su, suna kewaya juna. Akwai kuma waɗanda layi kawai suka haɗa daga inda muke tsaye, alhali ɗaya ya yi wa ɗaya nisa ƙwarai. William Herschel ya shafe kimanin shekara 25 yana auna tauraron Castor kafin ya bayyana a 1803 cewa biyun da ke cikinsa kewaya juna suke yi. Shi kuwa Albireo, ma'aunin na'urar Gaia da aka harba a 2013 ya nuna biyun ba tafiya ɗaya suke yi ba, har masana da yawa suka karkata ga cewa haɗuwar ido ce kawai.

Mu fa? Muna cewa abokin ɓarawo ɓarawo ne. An ga yaro zaune a majalisa ɗaya da mashayi, sai a hana shi aure. An ga mace ta sauka daga motar wani, kafin magariba unguwa ta gama shari'arta. Karin maganar ba ƙarya ba ce ɗungurungum, domin zama da maɗaukin kanwa yana kawo farin kai, kuma uba yana da hakkin lura da abokan ɗansa. Sai dai lura daban, hukunci daban. Abin da muka gani sau ɗaya, daga kusurwa ɗaya, yana iya zama labarin inda muka tsaya ne, ba labarin waɗanda muka hango ba.

Herschel ya jira shekara 25 a kan taurarin da ba su da mutuncin da zai zube. Ɗan Adam da ke da shi, kwana nawa muke ba shi?